Man kemis da ake cakuɗawa da basilin yana cutar da jarirai

A gidaje da yawa, da zarar ƙuraje sun feso wa jariri a wuya ko a matsematsi, sai a aiki yaro kemis ya sayo Funbact-A ko Skineal. Wasu matse shi suke yi a cikin basilin ko man kaɗanya, su riƙa shafe jaririn da shi safe da yamma har watanni. A ganina wannan ɗabi'a ta fi ƙurajen da ake gudu haɗari.

A duba jikin kwalin. Magani uku ne a haɗe: na kashe ƙwayar cutar fangas, na kashe ƙwayar cutar bakteriya, da sitiroyid mai ƙarfi, wanda za a ga an rubuta betamethasone a Funbact-A, clobetasol kuma a Skineal. Sitiroyid ɗin ne ke kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, uwa ta ce ta dace da magani. Amma fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, kuma faɗinta yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, don haka maganin yana ratsawa cikin jini. A ɗaura famfas a kai, ɗumi da laima su ƙara tura shi ciki. Daga baya fata ta yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, kumatu su kumbura (dangi na murna wai yaro ya yi ƙiba), girma ya ragu, garkuwar jiki ta yi rauni.

Akwai kuma masu yi don hasken fatar jariri, duk da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa tun 2023. Yawancin jarirai da haske ake haifarsu, launinsu na gado yana fitowa ne a watannin farko. Ba sabulu ya jawo ba, ba rana ba.

Ƙurajen ƙunzugu daga fitsari da kashi da ke daɗewa a jikin fata suke zuwa. A canza famfas duk bayan awa 2 zuwa 3, da kuma nan take bayan kashi. A wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogewa ba, a bar wurin ya sha iska, sannan a lafta basilin mara ƙamshi ko man zinki (zinc oxide) da kauri. Hoda, musamman mai sanyin mantileta, a daina amfani da ita; jariri na shaƙar ƙurarta. Ƙurajen zafi kuwa rage kaya suke so, a sa na auduga.

Idan kwana 3 sun wuce babu sauƙi, ko wurin ya yi jajir har cikin lungunan cinya da ƙananan ƙuraje a gefe, galibi fangas ne, kuma ma'aikacin lafiya zai ba da maganinsa shi kaɗai. Ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba, asibiti ne a ranar.

Wadda ta riga ta shafe makonni tana shafa wa ɗanta irin wannan man kada ta yanke shi dare ɗaya, domin jikin yaron ya rage samar da nasa sitiroyid ɗin na halitta, kuma yankewar na iya galabaitar da shi. Ta ɗauki kwalin ta kai wa likita, shi zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali.