Gawut: zafin yana lafawa, ciwon yana nan

'Yan'uwana, musamman mu maza da muka haura shekara 30, ku ba ni aron hankalinku. Wani abokina ya kwanta lafiya lau, wajen ƙarfe biyun dare ya farka kamar an ɗora masa garwashi a babban yatsan ƙafa. Kafin gari ya waye gaɓar ta kumbura, fatar tana sheƙi, ko gefen mayafi ya goge ta sai ya yi ƙara. Bai yi tuntuɓe ba, bai yi targaɗe ba. Ya sha maganin rage zafi, bayan kwana goma ya zura takalminsa, ya ce ai sanyi ne, ya wuce. Shekara ba ta zagayo ba abin ya dawo, wannan karon har da idon sawu.

Wannan shi ne gawut, kuma abin da ya fi damuna shi ne wannan "ya wuce" ɗin. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Jikinmu kullum yana narka wani sinadari da ake kira fiyurin, wanda ke cikin ƙwayoyin halittarmu da wasu abinci. Dattin da ke saura shi ne yurik asid, kuma ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari. Idan ya taru a jini ya haura wajen 6.8 mg/dL a ma'aunin gwajin jini, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinkaye masu tsini kamar allura, su kwanta a gaɓa. Ƙafa ta fi sauran jiki sanyi, shi ya sa suka fi son can. Ranar da garkuwar jiki ta far musu, ranar mutum zai kwana zaune. Zafin zai lafa cikin mako ɗaya ko biyu, amma alluran suna nan.

Kada mu yi wa mai ciwon gorin kwaɗayi. A yawancin masu shi ƙodar ce ba ta fitar da yurik asid yadda ya kamata, kuma ana gadonsa. Ƙiba, hawan jini, ciwon ƙoda da magungunan da ke sa yawan fitsari duk suna ƙara haɗarin. Mata ma yana kama su, galibi bayan sun daina al'ada.

Sai dai abin da ke hannunmu kada mu yi wasa da shi. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki su ne kan gaba wajen fiyurin, mai gawut ya haƙura da su. Jan nama, kifin sardin da jatan lande a rage sosai. Giya tana ƙara yurik asid, tana kuma hana ƙoda fitar da shi. Wanda kuma bai taɓa kusantar giya ba, kada ya ɗauka ya tsira: lemon kwalba mai sukari, wanda wasunmu ke kora kowane abinci da shi, shi ma yana ɗaga yurik asid. Don Allah a mayar da ruwa madadinsa, a sha da yawa. Madara mara kitse tana taimakawa, ganyaye da wake kuma ba abin tsoro ba ne, duk da suna ɗauke da fiyurin. Mai ƙiba ya rage a hankali, domin horar da kai da yunwa don a rame da sauri kan tayar da ciwon.

Gaskiyar da ba mu son ji ita ce, abinci kaɗai ba kasafai yake isa ba. Wanda ciwon ke yawan dawo masa, likita kan ɗora shi a kan magani irin su allopurinol don a sauke sinadarin ƙasa da 6 mg/dL, kuma ba a ajiye shi don kawai an ji sauƙi. Barin ciwon haka ba magani na jawo ƙulluwa masu tauri a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, gaɓa ta lalace, tsakuwa ta fito a ƙoda. Haɗiyar maganin rage zafi barkatai kuwa ƙodar da ake lallaɓawa yake ƙara wa nauyi.

Ka je a auna jininka. Idan kuma gaɓa ta kumbura da zafi ga zazzaɓi, kada ka jira gari ya waye, domin ƙwayar cuta a gaɓa tana zuwa da irin wannan kamar, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye ta.