Falsafa a jami'o'inmu: wa aka buɗe wa ƙofa?

Wani labari da na karanta ya ce darasin falsafa zai karɓi kowa a jami'a idan aka ƙara masanan Afirka cikin manhaja, kuma na yarda, amma maganar ta tsaya a rabin hanya. Kamaru ba ta rasa masana ba, ga Marcien Towa, ga Fabien Eboussi Boulaga, sai dai dukansu 'yan kudu ne kuma da Faransanci suka yi rubutu. Ɗalibin da ya taso a zaure a nan Marwa, arewacin Kamaru, ya durƙusa gaban malaminsa yana bin littafin manɗiƙi da tauhidi layi-layi har ya gane yadda ake kafa hujja da yadda ake rushe ta, shi ne yau yake zama a bencin ƙarshe bai ce uffan ba, domin Faransancinsa bai nuna ba, sai a ɗauka kansa babu komai. Wannan yana damuna ƙwarai. Malamin da ya yi sharhi a kan labarin yana cewa falsafa tana raba yaro da addininsa, Allah ya gafarta malam, ai Imam Gazali sai da ya karance ta sosai kafin ya soki masu ita, Ibn Rushd da ya mayar masa da martani kuwa alƙali ne na Malikiyya. Tun 2008 aka kafa Jami'ar Marwa, to me zai hana a riƙa barin ɗalibi ya fara warware hujjarsa da Hausa ko Fulatanci ko Larabci, sannan a taimaka masa ya rubuta ta da Faransanci?