Ba injin ne jabu ba, awo ne ba ka yi ba

Na ga bidiyon mai haɗa agogon bangon nan da kuke ta turo min tun jiya, kuma a'a, ba zan taya shi zagin kayan China ba. Mutum ya sassaƙa katako mai kauri, ya yanko hannayen ƙarfe kusan kamu guda, ya je ya ɗauko injin agogo mafi araha a kasuwa, sannan ya dawo yana kumfar baki wai agogo kullum sai ya tsaya a tara saura kwata. To a ina kake so ya tsaya? Nan ne fa hannun minti yake kwance yana hawan tudu, nauyinsa kaf a kan 'yan haƙoran roba. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ka ce jakin ne jabu. Sannu injiniya.

Ku auna kafin ku saya. Ƙaramin injin nan mai cin batir AA ɗaya, hannun minti mara nauyi na inci 5 zuwa 6 aka yi shi ya ja. Ya wuce haka, sai ka nemi injin manyan agogo mai ƙarfin juyi, kuma ko shi hannun alminiyam yake so, ba guntun ƙarfen da mai walda ya yar ba.

Ku auna kaurin fuskar ma. Sandar inji tana da tiredi, kuma dole tiredin ya leƙo ta gaba da milimita 2 ko 3 don washa da noti su sami wurin kamawa. Ku sake kallon bidiyon da kyau: babu noti, gam ya malala a baya, har ya bushe ya yi fari. In katako ya yi kauri, ko ka nemi mai doguwar sanda, ko ka rarake bayan katakon inji ya shige. Shi ke nan fa.

Wani zai ce ai duk quartz ne, wato injin agogo mai batir, duk iri ɗaya. Na ji. Ɗan dutsen kiristal ɗin da ke ciki sau 32,768 yake kaɗawa a daƙiƙa, mai tsada da mai araha duk ɗaya. Amma lissafi yake yi, ba shi ke ɗaukar kaya ba. Wani kuma ya rubuto min wai hannu ai hannu ne. Je ka gwada. Wani hannun raminsa zagayayye ne, dannawa ake yi. Wani mai gefe biyu a miƙe ne, sai da ɗan noti. Hannun injin kamfanin Takane ba lallai ya hau injin kamfanin Young Town ba. Sayi inji da hannayensa tare, ka huta. Masu cewa tsada kuwa, nawa ka kashe a katako da fenti?

Tsakani da Allah, sassaƙar yaron nan ta yi kyau, shi ya sa abin ya ɓata min rai. Hannu irin nasa zai iya ci da shi. Amma wanda ya sayi agogo ya mutu masa a sati ba zai dawo ba, kuma sai ya gaya wa mutum goma. Tef ɗin awo kawai ya rasa.

Af, ku kuma masu raba agogon bango mai hoton ango da amarya a biki, don Allah ku daina sa batir tun a kwali. Kafin a buɗe ya zubar da farin gari ya cinye ƙarfen. Guda nawa ne rataye a falon mutane, amarya na ta murmushi, lokaci ya tsaya tun ranar walima?