Hedikwatar gunduma a Amurka ba lallai ta zama gari mafi girma ba

Mutane da dama suna zaton garin da ya fi yawan jama'a shi ake ba hedikwatar gunduma a Amurka, alhali a karkara sau tari ba haka abin yake ba. A ƙarni na 19 an fi duba wurin da manomi zai iya kaiwa bisa doki, ya yi rajistar filinsa ko ya halarci shari'a, ya koma gida. A gundumar Mono ta jihar Kalifoniya, Bridgeport ce hedikwata, kuma kotunta da aka gina a 1880 tana aiki har yau, ko da yake mazauna garin ba su kai 1,000 ba, alhali mazauna Mammoth Lakes, wani gari a wannan gunduma, sun haura 7,000.