Da wane ƙarfi mai saye zai ƙaurace?

Wani labari ya ce masu saye su ƙaurace wa kamfanonin da ke gurɓata iska. To, a Zariya da wane ƙarfi? Mai walda a Sabon Gari in an ɗauke wuta janareta zai tayar, dole ce ta sa. Matar da gas ya fi ƙarfinta a Tudun Wada ta koma gawayi. Tun 1984 doka ta hana kamfanonin haƙar mai su ƙona iskar gas ba tare da izini ba, amma har yau wuta na ci a Neja Delta, tara kawai ake biya. Ɗan'uwa mai cewa laifinmu ne, leda nawa zan daina karɓa kafin ta kai hayaƙin rijiyar mai guda ɗaya?