Satar Kwana a Cikin Kwamfuta

A wani shagon buga takardu da ke Ƙofar Nassarawa, da hantsi. Alhaji ya zo a buga masa takardar cinikin filin da zai saya a Ɗorayi, Malam Tanko kuwa yana ta fama da Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, gumi har gemu.

Alhaji: Malam Tanko, layi uku tun ƙarfe 10? Da da hannu aka rubuta, ai da yanzu shaidu sun watse.

Malam Tanko: Wallahi Alhaji ba laifina ba ne. Ina cikin bugawa sai 'yar sandar nan mai ƙiftawa ta ɓace, in yi ta dannawa, ko wasali ba ya fita, sai na dangwala maus a kan takardar take dawowa. Duba nan, na buga "Alhaji Sani", ta rubuta "Alhaji Sa".

Alhaji: Sa? Ni ne san?

Malam Tanko: Na canza kibod, na hure ƙura, na karanta Falaƙi da Nasi na tofa. Tun ranar Larabar da ta ce tana afdet kar a kashe ta, ba ta sake komawa daidai ba.

(Sai ga Injiniya, wani Bazazzagi da aka kira daga Farm Center, da jaka a kafaɗa.)

Injiniya: Salamu alaikum. Ina kwamfutan da ya lalace?

Alhaji: Shi ke nan! Wanda bai san kwamfuta mace ce ba, shi zai gyara ta.

Injiniya: Ku da kuka san mace ne, ai ga shi ya gagare ku. To bari in yi muku da Kananci. Malam, ci gaba da bugawa, ni kan tagar Notepad ɗin nake kallo. Yauwa! Ka ga sunan da ke samanta ya dushe? Kibod lafiyarsa ƙalau. Alhaji, matanka nawa?

Alhaji: Me ya haɗa iyalina da gyaran kwamfuta?

Injiniya: Nawa dai?

Alhaji: Uku.

Injiniya: To kibod maigida ne, tagogin nan matansa. Ko goma aka buɗe, ɗaya ce take da girki, duk abin da aka danna ɗakinta yake shiga. Yanzu Notepad ce da girki. Amma Talata ta biyu a kowane wata Windows na sakin afdet, wani lokacin har da kayan firinta. Wata 'yar manhajar firinta ce ta tare a gidan nan. Sai ta leƙo, ta ja maigida ɗakinta, ta ɓuya, ku ba ku ko gan ta ba.

Malam Tanko: Innalillahi! Satar kwana ke nan!

Alhaji: (yana gyara hula) Ku dai yi maganar kwamfuta.

Malam Tanko: To haruffan da na buga, ina suka tafi?

Injiniya: Ɗakin amarya, ita kuma ba ta ajiya. In ta sake yi, riƙe Alt ka taɓa Tab, maigida zai koma inda ya dace. Wannan biko ne kawai. Maganin gaske, Ctrl da Shift da Esc, ga Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki. Ka ga amaryar nan cikin masu tashi tare da kwamfuta? Na hana ta. A kashe a kunna. In ta ƙi ji, mu shiga tarihin afdet mu cire na Larabar.

Alhaji: Wato saki uku.

Injiniya: Ɗaya dai, Alhaji. Firinta na nan tana aiki. Dubu 5 ne kuɗina.

Alhaji: Dubu 5 don danna maɓalli uku? Malam Tanko, karanto min takardar tukuna.

Malam Tanko: "Ni Alhaji Sa, na sayi fili a kan naira 500,000..." Subhanallahi, 5,000,000 na buga! Ta haɗiye sifili ɗaya. Bari in gyara.

Alhaji: Dakata! Ɗauke hannunka. Injiniya, zo nan ɗan albarka. Nawa za ka karɓa ka dawo da amaryar nan, kafin mai filin ya ƙaraso?

Injiniya: Sunan fa, Alhaji?

Alhaji: A bar shi a San.