Ɗalibin da aka ba amsa kafin gwaji ba zai so bincike ba

Malaman ilimin halittu sukan koka cewa ɗaliban digirin farko ba su da sha'awar bincike, furojet ɗin ajin ƙarshe ma alla-alla suke yi su sauke shi. Koken yana da tushe, amma a ganina yadda ake koyar da firaktikal ne ya haifi matsalar.

Shekara da shekaru ana miƙa wa ɗalibi takarda mai ɗauke da matakai har da sakamakon da ake so ya gani. Ga misalin rinin Gram, hanyar rina bakteriya a kan gilashi don a bambance ire-irensu ta launi, wanda ake aiki da shi tun 1884. Idan barasar da ake wanke rinin da ita ta daɗe a kan gilashin, ko aka ɗebo bakteriyar da ta tsufa, ƙwayoyin da ya kamata su riƙe launin shunayya sai su fito ruwan hoda. Ɗalibi ya san inda maki yake, sai ya leƙa littafin na kusa da shi ya rubuta shunayya. Ya koyi ɓoye abin da idonsa ya gani ke nan, alhali da faɗin abin da aka gani bincike yake farawa.

Maki ya koma kan littafin aiki. Daƙiƙa nawa barasar ta yi? An ajiye farantin renon bakteriya guda da ba a shuka komai a kansa ba? In wani abu ya tsiro a wannan farantin, a binciki tukunyar kashe ƙwayoyi: ta kai digiri 121 na minti 15, ko an cunkusa kaya har tururi ya kasa ratsawa? Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya fi cancantar maki a kan wanda ya kwafi amsa.

Haka batun yawan samfuri. Mendel, masanin da ya binciki gadon halitta, ya ƙirga ƙwayar waken fis 7,324 a gwaji guda, 5,474 masu sulɓi, 1,850 masu tamoji, kafin ya tsayar da cewa kusan masu sulɓi uku ake samu ga kowane mai tamoji ɗaya. Wanda ya ƙirga ashirin bai samu haka ba, bayani yake buƙata, ba tsawa ba.

Za a ce aji ya cika, kayan aiki sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Amma auna yadda gishiri ke hana iri tsiro ba ya cin kuɗi: matakin gishiri huɗu da ruwa zalla, ƙwayar iri ashirin a kowane faranti, a maimaita sau uku. A fara wannan tun ajin farko, kuma ɗaliban su zaɓi tambayar da kansu.